Ina aka kai Cortana? Neman taimako kan yi wa kwamfuta magana

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ni tsohon malamin makaranta ne, ina zamne Runjin Sambo, shekara bakwai ke nan da aje aiki. Ɗiyata ta sawo mini kwamfutar tafi-da-gidanka, HP ce ta hannu, don in rubuta tarihin gidanmu tun daga kakanmu da ya taso daga Gwadabawa, da darussan da na tara cikin littattafan rubutu goma sha biyu. To amma hannuna na dama ya fara rawa. In na yi minti ashirin ina danna maɓallai sai yatsu su ƙage, ga ido kuma ba kamar da ba. Wani yaro ya ce mini akwai wata aba Cortana, ana kunna ta, ka yi magana ita ta rubuta. Kwana uku ke nan ina nemanta cikin injin ban gan ta ba. Don Allah wanda ya san kan abin shi taimaka mini, don akwai abubuwan da in ban rubuta su ba, ba wanda ya rage da zai iya faɗinsu.

Mai Gyara na Gawon Nama: Wa alaikumus salam Baba. Ba laifin idonka ba ne, Cortana ce babu. Ta zo da Windows 10 a 2015, amma Microsoft sun janye ta a 2023, sun kawo Copilot a madadinta. Ko ka ga alamarta a wani lungu ka danna, ba abin da za ta yi maka. Kuma gaskiya ko tana nan, ba ita ce maganin damuwarka ba, don aikinta shi ne amsa tambaya da tunatarwa da buɗe manhaja. Kai mai rubuta maka kake nema. Da farko mu san wace Windows ce a ciki. Ka riƙe maɓallin da ke da hoton taga, ka danna R, ƙaramin akwati zai fito, ka rubuta winver ka danna Enter. Ka gaya muna abin da ka gani.

Tsohon Hedimasta: Allah shi yi maka albarka. Ya nuna Windows 10. A gindin allon kuma an rubuta EliteBook 840 G3.

Mai Gyara na Gawon Nama: Madalla. To Baba ka buɗe Word ko Notepad, ka danna cikin farin wurin da ake rubutu sai ka ga ɗan layin nan yana ƙiftawa. Sannan ka riƙe maɓallin taga ka danna H. Wata 'yar sanda za ta fito a saman allo da hoton makirfo, ka fara magana. Sai da intanet take aiki, saboda haka ka haɗa da hotspot ɗin wayarka tukuna. In ta ce sai an kunna wani abu, ka shiga Settings, ka shiga Privacy, ka nemi Speech, ka kunna Online speech recognition.

Ɗan Arkilla: A ƙara da cewa Turanci kawai za ta ji daga bakinka Baba, kar ka sha wahala. Babu Hausa cikin harsunanta.

Tsohon Hedimasta: Na yi yadda kuka ce. Sandar ta fito, na yi magana har muryata ta dushe, ba ta rubuta ko wasali guda ba.

Maman Khalil: Baba irin wannan ya taɓa faruwa da ni, na yi sati ina zargin kwamfutar ashe maɓalli guda ne. Ka duba jerin maɓallan sama, waɗanda ke da F, akwai mai hoton makirfo da aka ja wa layi. In ka ga ɗan haske ruwan lemo a jikinsa, to makirfo a kashe yake. Ka danna shi, in bai mutu ba ka haɗa da Fn. Jikoki kan danna shi ba su sani ba.

Tsohon Hedimasta: Wallahi hasken na nan kunne! Na ɗauka ado ne. Na kashe shi. Yanzu kuma wani rubutu ya fito, wai abin ba ya aiki da harshen da ke kai.

Mai Gyara na Gawon Nama: Wannan na san shi, kusan kullum sai an kawo mini irinsa. Wanda ya saita injin ya zaɓi Turancin Najeriya, shi kuwa ba ya cikin waɗanda wannan abin ke karɓa. Ka shiga Settings, Time & Language, Language, ka ƙara English United Kingdom, ka bari ya gama saukewa. Bayan nan ka riƙe maɓallin taga ka danna dogon maɓallin tazara, sai ka zaɓe shi. Ka sake gwada taga da H. Ka sani kuma a Windows 10 ba ta sa aya da waƙafi da kanta, kai za ka faɗa. Ka ce "comma" ta sa waƙafi, ka ce "new line" ta sauka layi. In har yanzu shiru, ka shiga Privacy, Microphone, ka tabbata an ba manhajoji izinin amfani da shi.

Injiniya Bado: Ni dai shawarata a ɗora mishi Windows 11 a huta. Akwai Voice access a ciki tun daga sabuntawar da ake kira 22H2, kuma wannan shi ne ainihin yi wa kwamfuta magana. Kana shiga Settings, Accessibility, Speech, ka kunna. Sau ɗaya yake sauke abin da yake buƙata, daga nan ko babu intanet yana aiki. Ka ce "open Word" ya buɗe. Ka ce "show numbers" sai ya liƙa wa kowane abu da ke kan allo lamba, ka faɗi lambar ya danna maka, ba ka taɓa linzami ba. Ga mai rawar hannu ai babu kamarsa. Ban da haka, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Mai Gyara na Gawon Nama: Injiniya, maganarka gaskiya ce amma ka duba injin da ake magana a kai. Ƙwaƙwalwar da ke cikin G3 zuriya ta shida ce ta kamfanin Intel, Windows 11 kuwa daga ta takwas take farawa a hukumance. Sai G5 zuwa sama. Na san ana tilasta mata ta hau, ni ma na sha yi wa samari da suka nace. Amma dattijo mai rubutun da ba shi da kwafi na biyu, ba zan ɗora mishi abin da sabuntawa guda za ta iya rikita shi ba. Shi fara da abin da ke hannunsa.

Injiniya Bado: Tawa G4 ce, shekara biyu tana kan 11 ba ta taɓa tari ba.

Mai Gyara na Gawon Nama: Taka in ta yi tari kai ne likitanta. Baba hwa?

Maman Khalil: Don Allah ku bar wannan, mutum bai ma samu ya rubuta layi guda ba tukuna.

Tsohon Hedimasta: Alhamdu lillahi ta rubuta! Na ce mata "My grandfather was a farmer" sai ga shi ya fito a allo kamar da hannu. Na kira uwargida ta zo ta gani. Amma da na ce Gwadabawa sai ta rubuta wasu kalmomin Turanci guda uku da ba su da alaƙa da juna. Na ce Wamakko, nan ma ta ɓata. Tarihin nan kuwa duk sunaye ne, na mutane da na garuruwa da na sarautu. Kuma in faɗa muku gaskiya, ni da Hausa nake son rubuta shi. Jikokina nake yi wa, da 'yan'uwana na ƙauye da ba su yi boko mai zurfi ba. Maganar da kakata ta gaya mini kan shekarar yunwa, in na juya ta Turanci ta zama maganar wani, ba tata ba.

Ɗalibar Hausa: Allah shi ƙara lafiya Baba. Ni ɗaliba ce a sashen harsunan Najeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma da murya na rubuta rabin aikina na ƙarshe, saboda haka bari in gaya maka hanyar da na bi. Ba ta kan kwamfutar ake farawa ba, ta kan waya ne. A Oktoban 2024 Google sun ƙara harsunan Afirka 15 cikin waɗanda ake iya yi wa magana, har da Hausa da Yarbanci da Ibo. In wayarka Android ce, ka sa Gboard, wato allon rubutu na Google, ka shiga saitinsa ka ƙara Hausa. Sai ka buɗe Google Docs a wayar, ka buɗe sabon shafi, ka danna ɗan makirfon da ke kan allon rubutu, ka yi magana da Hausa. Abin da ka faɗa zai zauna cikin shafin. In ka buɗe Google Docs a kwamfuta da imel guda, za ka tarar da rubutun yana jiranka a babban allo, ka ƙara girman haruffa yadda idonka ke so, ka gyara. Wayar ce kunne, kwamfutar kuma teburin gyara.

Sai dai kar in ɓoye maka, Hausar da ta fi ji ita ce irin ta rediyo da jarida, wadda aka gina a kan karin Kano. Ni 'yar Bodinga ce. Ranar da na fara, na ce "amre" ta rubuta "amare". Na ce "biyat" ta tsaya kamar ba ta ji ba. Da na ce "aure" da "biyar" nan take ta kama. Haka "zamna" da "ƙarhe" da "mi kaka yi", sai na mayar da su "zauna" da "ƙarfe" da "me kake yi" sannan muka shirya.

Ɗan Arkilla: To ai shi ke nan, sai Baba ya riƙa yi mata daidaitacciyar Hausa. Dama da ita ake rubutu. Mene ne abin damuwa?

Baffan Ƙofar Rini: Abin damuwa na nan, ɗana. Mutum na son rubuta maganar kakarsa yadda ta fito daga bakinta, kai kuma kana cewa shi canza mata harshe don na'ura ta gane. Tsohuwar Gwadabawa ba ta taɓa cewa "wannan yaro" ba, "wanga yaro" ta ce. Waƙoƙin malamanmu na jihadi da aka rubuta da ajami, da wace Hausa aka yi su? In kowa ya riƙa lanƙwasa harshensa don wayarsa ta ji shi, nan da shekara ashirin yaranmu za su ɗauka Sakkwatanci kuskure ne da ake gyarawa. Tun yanzu ma jikana ya ce mini wai ba a cewa "tahi".

Ɗan Arkilla: Baffa ban raina Sakkwatanci ba, da shi na tashi. Amma ko kafin waya, a makaranta ai daidaitacciya ake koyarwa, da ita ake jarrabawa. Ba na'ura ta kawo wannan ba.

Baffan Ƙofar Rini: Makaranta awa shida ce, ka dawo gida ka yi maganarka. Waya kuwa tana aljihunka har kan shimfiɗa.

Ɗalibar Hausa: Ku duka kuna da gaskiya a wani gefen, amma bari in ƙara abu guda. Malaman harshe sun nuna cewa "zamna" da "amre" su ne tsofaffin siffofin kalmomin, a gabas ne suka sassauta suka koma "zauna" da "aure". Saboda haka ba mu ne muka karkata ba. Ita kuma na'ura ba gaba take da mu ba, abin da aka ciyar da ita shi take ganewa. Ana tara muryoyin mutane masu yawa tare da rubutun abin da suka faɗa, da su ake horar da ita. In yawancin muryoyin na masu karanta labarai ne, to kunnenta zai zama na masu karanta labarai. Akwai wani shiri na Mozilla, Common Voice, yana da sashen Hausa, kowa na iya shiga ya karanta jimloli a naɗi muryarsa kyauta, har ma ya ba da jimlolinsa. Ni na yi na wasu makonni. In mutanen Sakkwato da Kabi da Zamfara ba su saka nasu ba, ba wanda zai saka muna.

Ga Baba kuma, abin da na yi a aikina: bayanina na kaina na faɗe shi da daidaitacciya, maganganun tsofaffin da na yi hira da su kuma na bar musu gurbi, na dawo na buga su da hannu yadda suka faɗa. Su ba su da yawa, hannu zai iya.

Tsohon Hedimasta: Wagga shawara ta kwanta mini, ɗiyata. Maganar kakata ba ta fi shafi huɗu ba gaba ɗaya. Zan iya bugawa a hankali, ko in sa jikanya ta buga ina faɗa mata.

Hajiya Mai Atamfa: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Abin nan da kuke kunna wa makirfo, ba saurarenmu yake ba kullum? Kwamfutata a ɗaki take, nan muke hirar gida, nan nake lissafin kuɗin shago. Ni ban yarda da abin da ke da kunne ba shi da fuska ba.

Injiniya Bado: Hajiya tsoronki ba na banza ba ne. A 2019 an fallasa cewa manyan kamfanonin nan, Apple da Google da Amazon da Microsoft, suna ba 'yan kwangila guntayen muryoyin mutane su saurara don a gyara na'urorin, har Apple ta fito ta ba da haƙuri. A farkon 2025 kuma ta amince ta biya dala miliyan 95 kan ƙarar da aka shigar a Amurka game da Siri, manhajarta da ake yi wa magana, ko da yake ba ta amsa laifi ba. Amma a bambanta. Akwai wanda ke jiran a kira sunansa, irin "Hey Siri", wannan kunnensa a buɗe yake yana jiran kalmar, kuma wani lokaci yakan farka bisa kuskure. Taga da H kuwa ba ta ji sai kin danna, amma abin da kika faɗa a lokacin yana tafiya can wurin Microsoft a juya shi rubutu. Voice access shi a cikin injin yake aikinsa, shi ya sa na fi son shi. Kuma duk lokacin da wata manhaja ke amfani da makirfo, ɗan hotonsa na fitowa a ƙasan allo kusa da agogo.

Maman Khalil: Hajiya ki yi abin da nake yi. Maɓallin nan mai hasken lemo da ya wahalar da Baba, ni da gangan nake barinsa kunne sai zan yi amfani. Lambar asusu da lambar sirri kuma ban taɓa faɗarsu da baki ba, da hannu nake bugawa.

Hajiya Mai Atamfa: To na ji. Zan sa yaro shi nuna mini maɓallin.

Abu Mabera: Ni MacBook gare ni, ya ake kunna tawa?

Injiniya Bado: Danna hoton tuffa a sama ta hagu, System Settings, ka nemi Siri ka kunna. In rubutu kake so da murya, yana ƙarƙashin Keyboard, sunansa Dictation. Ita ma Siri ba ta jin Hausa.

Malam Mai Sanda: Assalamu alaikum. Tun jiya nake bin maganar nan, kwamfutata ce ke karanta mini ita. Ni makaho ne tun ina ɗan shekara tara, ina koyarwa, kuma da NVDA nake aiki, manhaja ce ta kyauta da ke karanta duk abin da ke kan allo. Malam Hedimasta, tunda ka ce idonka ya fara rauni, ka san cewa injinka ma na da irinta a ciki. Riƙe Ctrl da maɓallin taga ka danna Enter, Narrator zai fara magana, ka sake dannawa ya yi shiru. Hausa dai da lafazin Bature zai karanta maka ita, ƙ da ɗ da ɓ kuwa sai ya tsallake ko ya kira su da wani suna. Da farko kunnenka zai ƙi, ni sai da na yi wata biyu kafin na saba. Amma yana da kyau ka fara koyo tun ido na gani, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma ka je asibiti a duba idon, in yanar ido ce ana cire ta.

Abu na biyu, ku masu ido kuna ɗaukar wannan a matsayin abin burgewa. Mu a wurinmu shi ne bambanci tsakanin ka rubuta wasiƙarka da kanka da ka kira yaron maƙwabta ya san sirrinka. Saboda haka ɗalibar nan da ta yi maganar ba da murya, ki turo yadda ake shiga, ni da ɗalibaina za mu yi.

Ɗalibar Hausa: In sha Allahu Malam, yau da dare zan rubuta matakan dalla-dalla in saka nan.

Tsohon Hedimasta: Malam na gode ƙwarai, maganarka ta shige ni. Likita ya ce yanar ido ce, an ba ni rana bayan salla.

Ga rahoton yau. Jikanya ta sa mini Gboard ɗin da Hausa. Da rana na gwada, abin bai yi kyau ba ko kaɗan, rabin maganar ta ɓace.

Mai Gyara na Gawon Nama: Baba fanka na kunne lokacin?

Tsohon Hedimasta: Cikin wanga zafi? Tana kan lamba ta ƙarshe, tana busa mini kai tsaye. Ga injin maƙwabci kuma, ga 'yan kabu-kabu a bakin titi.

Mai Gyara na Gawon Nama: To ita ce. Iskar fanka in ta bugi makirfo, ba abin da yake ji sai guguwa. Ka nemi iyafis mai waya, irin na kunne mai ɗan makirfo a jikin igiyar, ka kawo shi kusa da baki kamar faɗin yatsa uku, ka juya wa fankar baya. Shi ɗin dai zai shiga ramin kwamfutar ma in za ka yi na Turanci. Kuma ka yi jimla guda ka ɗan tsaya, kar ka yi mata karatun huɗuba. In hunturu ya zo ka riƙa share 'yan ramukan da ke gefen kyamara da busasshen burushi, ƙura na toshe su.

Tsohon Hedimasta: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau bayan sallar asuba, gari shiru, ba fanka ba inji, na zamna tsakar gida da iyafis ɗin jikanya. Kafin rana ta hau katanga na faɗi shafi biyu da rabi, tun daga fitowar kakanmu da jakai uku har saukarsa Ƙofar Marke. Da na buɗe kwamfuta na tarar da shi yana nan. Na ƙidaya kurakurai talatin da ɗaya, yawancinsu sunaye ne, sai kuma wasu wurare da ta rubuta k a maimakon ƙ, har "ƙofa" ta koma "kofa". Na gyara goma sha biyu kafin hannu ya gaji, sauran sai la'asar. Na bar gurbi biyu na maganar kakata kamar yadda ɗalibarmu ta ce.

Saura abu guda. A kwamfutar, ina zan samu ƙ da ɗ da ɓ in zan gyara? A waya jikanya ta nuna mini ana danne harafin ne a riƙe, amma nan na riƙe k sai ta cika mini layi da kkkk.

Mai Gyara na Gawon Nama: Windows na da allon rubutu na Hausa Baba, wurin da ka ƙara Turancin Ingila nan za ka ƙara shi. Amma nuna inda kowane harafi yake ya fi sauƙi ido da ido. Gobe Asabar ina da aiki wajen Runjin Sambo, ka turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri, in biyo bayan la'asar in saita maka, in liƙa maka 'yan takardu a kan maɓallan. Ka tanadi filashi ma, mu kwafe shafi biyu da rabin nan a ajiye gefe.